In bar shagon walda in bi masu kafa gidajen kwantena?

Ɗan Walda Kakuri:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema. Shekarata shida ina walda a Kakuri, ƙofa, taga, tankin ruwa, duk abin da ya samu. Shekaranjiya wani tsohon ubangidana ya kira ni, ya ce yana haɗa mutum takwas da za su riƙa kafa ofisoshin kwantena da ɗakunan nan na haɗe-haɗe da ake kawowa a kwance a bayan tirela, a sansanonin 'yan kwangila. Wata uku a daji, sati biyu a gida. Kuɗin da ya ambata ya fi abin da nake samu a shago, amma shagon nawa ne, kuma iyalina na da juna biyu wata biyar. Waɗanda suka san aikin nan ciki da bai, don Allah ku faɗa mini gaskiya. Sana'a ce da mutum zai tsufa a cikinta, ko ɗaure noti ne kawai?

Baba Magini:
Wa alaikumus salam ɗana. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Shagon nan komai ƙanƙantarsa, idan ka buɗe da safe babu mai ce maka aiki ya ƙare ka koma gida. Na haura shekara arba'in da cokalin gini a hannuna, na ga ayyuka iri-iri sun zo da zafi sun huce. Kuma bari in faɗa maka abin da ke raina. Gida daga ƙasa ake tayar da shi. Abin da aka sauke daga mota, gobe mota za ta zo ta ɗauke shi, ta haɗa da mai kafa shi.

Baban Sadik:
Baba, Allah ya ƙara girma. Maganar shago ina tare da kai, ta biyun ce zan ɗan ja.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina wannan aiki. Wanda ya tsaya daga nesa ranar da kireni ya zo, ya ga an jera ɗaki shida kafin azahar, shi ne yake cewa wasa ne. Bai ga kwana goman da muka yi muna fama da ƙasa kafin ranar ba. Ƙanina, ka ɗauki kwantena mai ƙafa 20. Tsawonta mita 6 da 'yan kai, faɗinta mita 2.44, nauyinta ba komai a ciki ya haura tan 2. Mai ƙafa 40 kuwa ta kusa tan 4. Duk wannan nauyi a kusurwa huɗu yake sauka, don haka aka ƙera ta, saboda a jirgin ruwa kusurwa kan kusurwa ake ɗora su. To kusurwoyin nan huɗu su ne aikinmu. Za ka haƙa, ka duba irin ƙasar, ka zuba kankare, ka tayar da ginshiƙai, kuma dole kawunansu su zama daidai wa daida. Mu da siririn tiyo mai haske muke awo, a cika shi da ruwa, mutum ɗaya a wannan kusurwa, ɗaya a waccan, ruwa ba ya ƙarya. Idan kusurwa ɗaya ta yi ƙasa da kaurin yatsa biyu, kwantenar za ta murɗe, ƙofa ta ƙi rufuwa, taga ta riƙa cijewa, ruwan sama ya taru a gefe ɗaya na rufi ya fara cin ƙarfe.

Kuma kankare ba ya son gaggawa. Sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa, a kwana bakwai bai wuce kashi biyu cikin uku ba. Rigimata da masu kwangila kullum a nan take. Sun biya kuɗin kireni na ranar Laraba, mu kuma ranar Litinin muka zuba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗan Walda Kakuri:
Na gode Yaya. To ni waldata ina za ta shiga a nan?

Baban Sadik:
Aikin iri biyu ne, kada ka haɗa su. Akwai na haɗe-haɗen da ake kawowa daga China ko Turkiyya: daɓe daban, ginshiƙi huɗu, rufi, sai bango mai falle biyu na kwano da soso a tsakiya. Wannan kusan duka noti ne, mutum huɗu da suka saba za su tayar da ɗaki ɗaya a yini har su fara na biyu. Gwanintar a nan ita ce ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta gicciye, awo biyun su zo ɗaya, kafin ka ƙarasa ɗaure ko noti guda. Sai kuma toshe mahaɗa da roba da silikon, don duk yoyon da za a yi a damina daga mahaɗa yake.

Na biyu shi ne juya kwantenar jirgin ruwa ta zama ofis ko ɗaki. Nan ne kake da daraja. Yanke ƙofa, yanke taga, yi musu firam, matakala, baranda, rumfa, haɗa biyu su zama falo ɗaya. Mai walda da hannunsa ya faɗa, ba ya rasa wuri a cikinmu.

Injiniya Maman Nana:
Sannunku da muhawara. Malam Baban Sadik ya yi bayani mai kyau, ina so in ƙara abu biyu da nake yawan gani idan an kira ni duba aiki bayan ya lalace.

Na farko, bangon kwantena mai tudu da kwari ɗin nan ba ado ba ne, yana cikin abin da ke riƙe ta. Mutane suna ɗaukar injin yanka su cire rabin bango don su sami babban shago, su bar shi haka. Bayan wata shida rufin ya lotsa, in akwai wata a sama abin ya fi muni. Duk inda ka yanke, sai ka mayar da ƙarfin da ka cire, da ƙarfe mai kauri a sama da gefe biyu, kuma kafin ka yanke ka tokare. Babban buɗi kuwa a kira injiniya ya yi lissafi, ba raini ba ne ga mai walda.

Na biyu, soson da ke cikin bango. Akwai farin soso mai araha, irin wanda ake naɗe talabijin da shi a kwali. Akwai mai ruwan ɗorawa da ya fi shi tare zafi. Akwai kuma audugar dutse, wadda ba ta cin wuta. Farin nan idan tartsatsin walda ya shiga tsakanin kwanon biyu, zai riƙa ci a ɓoye ba ka gani, sai hayaƙi baƙi ya turnuƙe. Ku tuna gobarar benen Grenfell a Landan a watan Yunin 2017, mutum 72 suka rasu, kuma abin da ya sa wutar ta haye benen cikin ɗan lokaci shi ne kayan da aka lulluɓe bangon waje da su. Ƙanina, kai da wuta kake aiki. Ranar farko ka tambayi irin soson da ke cikin bangon kafin ka kunna inji kusa da shi. Kicin da ɗakin janareta kuwa, ni ba na sa hannu a takarda in ba audugar dutse aka sa ba.

Baba Magini:
To kun ji ko. Ɗaki ne da sai an sa masa soso kafin mutum ya iya zama a ciki. 'Yata Injiniya, ki shiga kwantena a Sakkwato a watan Afrilu da rana tsaka, wuta ta ɗauke, ki gaya mini minti nawa za ki yi. Kakanninmu da ƙasa suka yi gini, ɗakin soro da bazara sanyi, da hunturu ɗumi. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun ƙarni na 19, bakan gizonsa na ciki yana nan ana zuwa kallo daga ƙasashen duniya. Wace kwantena ce za ta kai haka? Abin da ke ba ni takaici, yaranmu sun bar koyon abin da ya dace da ƙasarmu, sun koma jiran abin da jirgi zai kawo.

Injiniya Maman Nana:
Baba, a kan zafi ba ni da ja ko kaɗan. Ƙarfe ne, rana ta doke shi ya zama tanda. Ni da kaina ba zan ba wa mai iyali shawarar ya sayi kwantena ya zauna a Kano ba, bulo ko jan bulo ko ginin ƙasa mai kyau ya fi masa sauƙi da lafiya. Masu zanen gini na zamani ma suna komawa maganarka. Francis Kéré ɗan Burkina Faso ya ci babbar kyautar Pritzker a 2022, kuma abin da ya fara fito da shi makarantar firamare ce ta tubalin ƙasa a ƙauyensu Gando. Amma wanda zai yi aikin shekara biyu a daji ya tashi, ba gidan gado yake nema ba.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum. Baba, ina gaisuwa. Ni zan yi magana daga inda ginin ƙasa da na siminti duka ba su yiwuwa.

Na yi aiki a shantiye, wato sansanin aiki, can wajen Agadem, inda ake haƙo man da ake kaiwa matatar SORAZ kusa da Damagaram, wadda aka buɗe a 2011. Daga baya kuma aka ja bututu kusan kilomita 2,000 har bakin teku a Benin. Baba, can babu laka, babu dutse, babu ruwa. Ruwan da za ka kwaɓa siminti da shi, da kamiyo, wato babbar mota, ake kawo shi, kuma shi ne ruwan da mutane za su sha. Rairayi ne iya ganinka. Mutum ɗari biyu za su kwana a ina? Dole ɗaki ya zo a mota.

Abin da na koya can, iska ita ce abokiyar gaba. Tana kwashe rairayi daga ƙarƙashin ginshiƙi sannu a hankali, ka dawo bayan wata biyu ka tarar kusurwa ɗaya tana lilo. Sai mun shimfiɗa faffaɗan kankare a ƙasa, mun zuba tsakuwa kewaye, sannan mu ɗaure ɗakin da ginshiƙin. Zafi kuma, maganinsa da muka gani da idonmu shi ne rumfa ta biyu. A tayar da rufin kwano sama da ɗakin da kamar kamu biyu ko uku, a bar gefe a buɗe iska ta riƙa ratsawa, a shafa farin fenti. Ɗakin da ke da rumfa da wanda ba shi da ita, kana shiga jikinka zai gaya maka. Kuma wannan aikin mai walda ne tsantsa, ƙanina ka riƙe shi.

Injiniya Maman Nana:
Dabarar da Kéré ya yi a Gando ke nan, ya ɗaga rufin kwano sama da ginin don zafi ya fice. Ashe kun haɗu a hanya.

Ɗan Damagaram:
Haka ne Hajiya. Mu ma a Nijar muna da Mariam Issoufou, wadda ita da abokiyar aikinta suka yi masallaci da ɗakin karatu a Dandaji da tubalin ƙasa. Ba mu raina ƙasa ba.

Amma ƙanina, abin da ya fi ci mini rai ba zafi ba ne, kuɗi ne. Babban kamfani ya ba wani, wani ya ba wani, kai kana hannu na huɗu. Na taɓa yin wata uku cur, muka gama, wanda ya ɗauke mu ya ce shi ma ba a biya shi ba. Rabin kuɗina na karɓa bayan wata bakwai, sauran har yau. Ba takarda, ba shaida, wa zan kai ƙara? Ka tambayi ubangidanka shi hannu na nawa ne.

Ɗan Yerwa:
Maganar ƙasa da Baban Sadik ya fara ita ce gaskiyar aikin. Mu nan Borno, wajen Dikwa da Ngala, akwai baƙar ƙasar da muke kira firgi. Da rani ta dare har ƙafarka ta shige, da damina ta sha ruwa ta kumbura. Mun kafa wani ƙaramin asibiti na haɗe-haɗe da rani, komai daidai, aka yi murna. Ruwa ya sauka sau uku, ginshiƙai biyu suka ɗago, biyu suka nutse, bango ya buɗe a mahaɗa har kana hango waje. Laifinmu ne, mun haƙa kamar yadda muka saba haƙawa a jigawa. Sai da muka ɗaga ɗakunan da jak, muka sake haƙa mai zurfi, muka cika da jar ƙasa da tsakuwa muka daddaɓe, muka yi magudana don ruwan rufi ya yi nesa da gindin.

Duk da haka ba zan zagi aikin nan ba. Na ga mata suna haihuwa a ɗakin da muka kafa cikin sati biyu, a garin da aka ƙone asibitinsa. Da za a jira ginin bulo, da shekara ta zagayo. Bayan ambaliyar Alau a Satumbar 2024 ma, wanda ya ɗaga ɗakinsa a kan dogon ginshiƙi ya fi wanda ya ajiye a ƙasa tsira da kaya, inda ruwan bai yi zurfi sosai ba.

Malam na Texas:
Na daɗe ina karanta zauren nan ban taɓa magana ba, yau kun taɓo abincina. Shekara bakwai ina kafa gidajen da ake ja da mota a nan Texas. Ku ba ni dama in ɗan yi tsawo.

A Amurka wannan ba ɗakin sansani ba ne, gida ne na iyali, mutum fiye da miliyan 20 a ciki suke zaune. Ana ƙera gidan gaba ɗaya a masana'anta, da kicin da banɗaki da wayoyin wuta, a kan doguwar ƙashin ƙarfe mai tayoyi. Akwai mai ɓari ɗaya, faɗinsa ƙafa 14 zuwa 18. Akwai mai ɓari biyu, kowane ɓari mota daban ke jawo shi, mu ne muke aurar da su a fili. Wallahi haka suke kiran layin da ɓarin biyu suka haɗu, layin aure. Tun ranar 15 ga Yunin 1976 gwamnatin tarayya ta kafa ƙa'idar ƙera su, kowane ɓari yana fitowa da jan lamba na ƙarfe a jikinsa, shaidar an bi ƙa'idar.

Aikinmu kuwa, Baban Sadik, kamar a bakinka. A gyara fili ya zama ruwa na gangarewa nesa da gida. A shimfiɗa leda mai kauri don danshin ƙasa kada ya ruɓar da daɓe. A jera ginshiƙan bulo a ƙarƙashin ƙashin ƙarfen, a daidaita da tiyon ruwa, irin naku sak. Sannan a murɗa dogayen turakun ƙarfe cikin ƙasa, a ɗaure gidan da su da ɗamarar ƙarfe. Wannan ɗaurin ba su ɗauke shi da wasa ba, saboda guguwar Andrew ta 1992 a Florida ta yi raga-raga da irin waɗannan gidaje, shi ya sa a 1994 aka tsaurara doka, aka raba ƙasar shiyya uku gwargwadon ƙarfin iska. Gidan da aka ƙera don shiyya ta ɗaya ba a yarda ka kafa shi a Galveston da ke bakin teku ba. Ɗan Yerwa, mu ma muna da baƙar laka mai kumbura a nan, bayan 'yan shekaru sai an kira mu mu sake daidaita gida.

A Texas ba ka kafa wa mutum gida sai da lasisin jiha, sai ka yi kwas, ka ajiye jingina, kuma ana iya zuwa duba aikinka. Ni har yanzu a ƙarƙashin lasisin wani nake, bana nake shirin neman nawa.

Abin da ba a faɗa wa sabon shiga shi ne rabin yininka a kwance kake yinsa a ƙarƙashin gida, kana jan ciki cikin taɓo ko ƙura, tan da yawa na bisa kanka. Doka ta farko da aka koya mini: kada ka shiga ƙarƙashin gidan da jak kaɗai ke riƙe da shi, sai an jera katakai masu kauri sun tare. Jak yana zamewa. Gwiwa da baya kuma suna gajiya da wuri, waɗanda suka tsufa a sana'ar nan su ne suka zama masu lasisi suna sa ido, ba masu jan ciki ba.

Baba, akwai inda maganarka ta same su a nan. Da yawa gidan nasu ne amma filin haya suke. Mai fili ya ƙara kuɗi, ɗauke gidan kuma tsada ne, tsohon gida ma ba lallai ya jure tafiya ba. Sunansa gidan tafi-da-gidanka, amma akasarinsu inda aka kafa su nan suke ƙarewa.

Baba Magini:
Malam na Texas, na ji daɗin bayaninka. Ashe ku ma da ginshiƙi da awon ruwa kuke farawa. To wannan ai gini ne, sai dai an raba shi biyu, rabi a masana'anta rabi a fili. Na janye rabin maganata. Rabin da ban janye ba shi ne na fili. Wanda ba shi da ƙasa ba shi da gida, ko da me aka yi bangon.

Mai Wayarin Sabon Gari:
Kun manta da ni. Ɗaki ne na ƙarfe daga sama har ƙasa. Waya ɗaya ta goge a bakin ramin da aka huda ba a sa mata roba ba, duk jikin ɗakin ya ɗauki wutar lantarki. Na taɓa zuwa wani shago na kwantena, yaro ya taɓa ƙofa da ƙafa a jiƙe, Allah ne ya yi da sauran kwanansa. Da na duba, ba a binne sandar ƙasa ba sam, an ja wuta daga janareta kai tsaye. Kowace kwantena a haɗa jikinta da sandar tagulla da aka kafa a ƙasa, waya ta bi cikin bututu, a sa na'urar da ke katse wuta idan ta fara zuba. Ɗan Walda, idan ka je ka ga ba a yi haka ba, kada ka kwana a ciki.

Alhajin Kwari:
Ni ɗan kasuwa ne, ba ma'aikaci ba, amma ku bar ni in sa baki. Duk wannan abin da kuke yabo, ribar tana wajen wanda ya ƙera da wanda ya shigo da shi. China ta gina asibiti mai gado 1,000 a Wuhan cikin kwana goma a 2020 saboda masana'antun suna gidanta. Qatar ta yi filin ƙwallo da kwantena 974, bayan gasar kuma ta yi alkawarin tura ɗakuna 10,000 ga waɗanda girgizar ƙasar 2023 ta shafa a Turkiyya da Siriya. Mu me muke ƙerawa? Dala ta tashi, kaya su tsaya, ma'aikaci ya zauna. Yaro yana da shagonsa, za ku tura shi ya zama lebura a kan kayan wani.

Baban Sadik:
Alhaji, da gaskiyarka a kan dala, na zauna wata huɗu ba aiki saboda kaya sun maƙale a tashar jirgin ruwa. Amma ba komai ake shigowa da shi ba. Firam ɗin ƙarfe muna yin sa a nan, a Kaduna da Kano da Abuja akwai masu haɗa ɗaki daga tushe, bangon kawai suke saye. Ka dubi ɗakunan masu POS, ɗakunan masu gadi, ofisoshin wuraren gini, shagunan bakin titi. Wa ke yin su? Masu walda irin wannan ƙanin namu, sai dai yawanci da ka suke yi, shi ya sa suke yoyo suna zafi. Wanda ya je ya ga yadda ake yi bisa ƙa'ida ya dawo shagonsa, ya fi ƙarfin lebura.

Alhajin Kwari:
In dai zai dawo. Na ga da yawa sun tafi wata uku sun shekara biyar, shago ya mutu, kwastomomi sun watse.

Injiniya Maman Nana:
In ya dawo yana yi wa mutane a gari, ya riƙa gaya musu su nemi izini daga hukumar tsara birane. A Kaduna KASUPDA, a Kano KNUPDA. Mutane na ɗauka tunda ba gini ba ne ba ruwan hukuma, sai an zo an shafa jan fenti.

Sannan akwai maganar da duk mazan nan ba wanda ya taɓa. Ƙanina, ka ce wata biyar. Ka tafi wata uku, ka dawo tana wata takwas, ka yi sati biyu ka koma. Lissafa da kanka inda za ka kasance ranar haihuwa. Wa zai kai ta asibiti da dare? Ka zauna da ita ku yi wannan lissafin tare kafin ka ba ubangidanka amsa.

Baban Sadik:
Hajiya ta faɗi abin da ya kamata mu fara da shi. Ni ɗana na biyu sai ranar suna na gan shi, kuma har yau abin yana damuna.

Bari in ƙara ɗaya mai nauyi, don kada in yi maka kwalliya. Ranar kireni ita ce ranar da ake rasa yatsu. Muna da wani yaro mai ƙoƙari, ana sauke ɗaki a kan ginshiƙi, ya ga ya ɗan kauce, sai ya sa hannu a ƙarƙashin kusurwa zai gyara. Mai kireni bai gan shi ba. Yatsu uku. Kaya idan yana sama da igiya ake juya shi daga nesa, mutum ɗaya tak ke ba mai kireni alama, ba a tsayawa a ƙarƙashi, ba a ɗagawa kusa da wayar wuta, iska ta taso a dakata. Kamfanin ya biya kuɗin asibiti na sati biyu, daga nan shiru. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, mai aiki yana zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, amma idan ba a yi maka rajista ba, ba ka cikin lissafi. Ka tambaya. Ka kuma tambayi hular kwano, takalmi mai ƙarfe a baki, da igiyar ɗaure jiki in za a hau bene, wa zai saya.

Malam na Texas:
Ka kuma riƙa ɗaukar hoton kowane aiki daga rami har gamawa. Ni da hotuna na sami aikina na biyu. In kana da hali ka yi jarrabawar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago, takardar tana amfani idan manyan kamfanoni suna ɗiba.

Ɗan Walda Kakuri:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya da dare na zauna da iyalina, yau da safe na kira ubangidan nawa na jero masa tambayoyinku. Ya ce shi hannu na biyu ne, ya yarda a rubuta takarda, a biya kashi ɗaya cikin uku kafin tafiya, saura duk ƙarshen wata. Kayan kariya shi zai saya. Maganar NSITF ya ce zai bincika, ban gamsu da yadda ya amsa ba, zan sake tuntuɓarsa. Na gaya masa zango ɗaya zan yi in dawo, ba zan koma ba sai bayan suna, ya ce ba damuwa. Shago ba zan rufe ba, ƙanina da yaron da nake koya wa za su riƙe, mahaifiyata kuma za ta dawo gidan.

Abin da ya rage, ni ban taɓa zuba kankare ba, ban san awon tiyon nan ba. Ba na so in je ina kallon mutane.

Baba Magini:
Kana Kakuri, ni ina da aiki a Unguwar Mu'azu, ranar Asabar za mu zuba ginshiƙai. Ka zo da sassafe kafin rana ta yi zafi. Ka sayo siririn tiyo mai haske mita 15, da igiyar awo, da fensirin kafinta. Zan turo maka kwatance ta akwatinka.

Ɗan Walda Kakuri:
In sha Allahu Baba, ƙarfe bakwai ina wurin. Tiyon mai kaurin yaya zan saya?

Baban Sadik:
Kamar ɗan yatsanka ƙarami. Ka cika shi tun a gida, ka bubbuga duk kumfar iska ta fita kafin ka toshe bakin.